Boko Haram Gawa Ta Tarar a Unguwar Reluwe

Tambayi kowa yau, a Abuja ko a Legas, kai har a cikin Maiduguri, me ya kashe unguwannin da ke kewaye da tashar jirgin ƙasa ta Yerwa, wato Maiduguri, amsa ɗaya za ka ji: Boko Haram. Haka jami'an gwamnati ke faɗa a wajen taro, haka ƙungiyoyin agaji ke rubutawa a rahotanninsu, haka mu ma marubuta muke kwafa ba tare da mun tsaya mun duba ba. Wai unguwa ce mai rai da walwala, sai ga Muhammad Yusuf, jagoran ƙungiyar, ya kafa cibiyarsa ta Markas a tsakiyarta, sai yaƙin Yulin 2009, shi ke nan komai ya rushe. Ni ban yarda da wannan labari ba, kuma ina ganin maimaita shi da ake yi yana cikin abubuwan da suka hana a gyara wurin har yau. Unguwar Reluwe da maƙwabtanta, Bayan Kwatas da Unguwar Doki da Goni Damgari, sun daɗe da karyewa kafin a harba harsashi na farko.

Bari mu fara da abin da ya kafa unguwar. A 1958 Bankin Duniya ya ba Nijeriya bashinsa na farko, dala miliyan 28, kuma kan layin dogo aka kashe shi. Da shi aka ja layi daga Kuru, kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe, ya iso Maiduguri a 1964, tafiyar kimanin kilomita 640. Daga ranar da jirgi ya yi kuwwarsa ta farko a Yerwa, garin da Shehu Garbai ya tare a 1907 ya sami ƙofa zuwa teku. Gyaɗa da auduga da ƙaro, fatu da ƙiraga, shanun Borno da na Cadi, bandar tafkin Cadi, duk sun sami tarago. Siminti da gishiri da goro da kananzir suka riƙa shigowa.

Jirgin ƙasa ba direba da mai yanka tikiti kaɗai yake ciyarwa ba. Akwai leburorin da ke bin layi suna sauya katako da ɗaure ƙarfe, akwai makanikai da maƙera da masu gadin sito. Bayansu akwai 'yan dako, da 'yan kamasho, da fatake masu jiran kaya, da masu masauki. Bayan waɗannan kuma akwai mai shayi, da mai tuwo-tuwo, da tela, da wanzami, da malamin tsangayar da ake kai masa sadaka ranar albashi. Ma'aikacin reluwe ɗaya yakan riƙe gida mai mutum goma, kuma kuɗinsa a unguwar suke zagayawa. Babarbare da Bahaushe da Shuwa da Babur da Margi, ga Bayarabe da Ibo da suka zo da aikin, duk katanga ɗaya ta raba su. Abin da ya haɗa su a wurin albashin ƙarshen wata ne, da tabbacin cewa ɗa zai iya gadon sana'ar ubansa.

Wannan arziki bai daɗe ba. Shekara 2 kacal bayan isowar jirgi aka yi kashe-kashen 1966, ƙwararrun ma'aikata 'yan Gabas suka tattara suka tafi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse hanyar Fatakwal, wadda ita ce bakin tekun wannan layi. Da aka gama yaƙi sai kuɗin man fetur suka shigo, gwamnati ta juya wa dogo baya, ta zuba kuɗi a kwalta da tirela. A 1964 Hukumar Jiragen Ƙasa ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Zuwa 1974 fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya sun koma kimanin tan miliyan 1. Muhammad Yusuf a lokacin yaro ne ƙanƙane. Wa za a ɗora wa wannan?

Sai masifu suka yi ta biyo juna. Farin farkon shekarun 1970 ya ci dabbobi, cutar gyaɗa ta 1975 ta gama da dalar gyaɗa a Arewa baki ɗaya. Tafkin Cadi, wanda ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye har ya bar magudanan aikin noman rani na Marte a bushe, bayan an narka maƙudan kuɗi a kansu. Wannan na Allah ne, mun ji. Amma tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 mutane ne suka zauna suka tsara shi. Darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka gagari saye, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Haramta shigo da alkama a 1987 ya bar masana'antun fulawa, har da ta Maiduguri, suna neman abin niƙa. Kamfanin takalma da jima na Neital, wanda aka kafa domin fatun Borno su daina fita ɗanye, ya yi shekaru injunansa na kwance. Ita kuwa hukumar reluwe, a 1988 ta bayyana cewa ta karye. Ma'aikatanta da suka taɓa kai 45,000 sun ragu zuwa ƙasa da 7,000 bayan korar da aka yi a zamanin Obasanjo, 'yan fansho kuma suka yi ta mutuwa suna jiran haƙƙinsu.

Ka tsaya ka yi tunanin abin da wannan ke nufi a cikin gida ɗaya. Uba ya yi shekara 30 yana bin layi a rana, an sallame shi, fansho ba ya zuwa. Rufin kwatas yana yoyo, babu mai gyarawa, domin mai gidan, wato hukuma, ita ma ta talauce. Yaran da aka haifa a zamanin albashi sun girma sun tarar da taragu sun yi tsatsa, ciyawa ta rufe dogo. Wanda ya yi boko ya riƙe takarda ba aiki, wanda bai yi ba ya hau acaɓa. Mai shayi ya rasa masu saye da tsabar kuɗi, sai bashi. Uban da ba ya iya ciyarwa kuwa maganarsa ba ta da nauyi a kunnen ɗansa, wannan kowa ya sani, ko da ba a son faɗa. An ma yi mana gargaɗi tun da wuri. A Oktoban 1982 almajiran Maitatsine sun ta da tarzoma a Bulumkutu, a gefen garin nan, aka kashe ɗaruruwan mutane. An murƙushe su, an kafa kwamiti, kowa ya koma harkarsa.

A cikin wannan kufai ne aka gina Markas. Sanannen abu ne cewa ba wa'azi kaɗai ake samu a can ba. Ana ba matashi abinci, ana ba shi ɗan jari ko babur, ana yi masa aure, ana kiran sa da suna mai daraja. Duk abin da tashar jirgi ta taɓa bai wa ubansa, ban da halal da zaman lafiya, ya same shi a 'yan taku kaɗan daga tashar. Idan bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Na san abin da za a ce. Za a ce ina wanke 'yan ta'adda, ko ina cewa talauci ne ke sa mutum ya yanka maƙwabcinsa. Allah ya kiyaye. Dubban matasan waɗannan unguwanni sun sha yunwa iri ɗaya ba su bi kowa ba, kuma su ne a 2013 suka ɗauki gora suka fatattaki 'yan ƙungiyar daga cikin gari, da yawansu suka rasa rayukansu. Muguwar aƙida laifin mai ita ce, jinin da aka zubar yana wuyan waɗanda suka zubar. Abin da ya biyo bayan 2009 ma ba ƙarami ba ne: rushe-rushe, kame, gidajen da aka gudu aka bari, hana acaɓa a 2011 wanda ya raba dubban matasa da abincinsu a rana ɗaya. Duk wannan gaskiya ne. Amma ga tambayar da masu wancan ra'ayi ba sa amsawa. Idan Boko Haram ce ta kashe Unguwar Reluwe ta Maiduguri, wa ya kashe ta Kafanchan? Wa ya kashe ta Ƙauran Namoda, da ta Zariya? Wa ya rufe masaƙun Kakuri a Kaduna, inda KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta bi ta a 2007? Ba a kafa Markas a ko ɗaya daga cikinsu ba, amma je ka gani, tsatsa iri ɗaya ce, zaman kashe wando iri ɗaya ne.

Dalilin da ya sa labarin "Boko Haram ce" ya karɓu a wurin manya shi ne yana wanke kowa. Idan ɓarnar ta fara a 2009, to babu ministan sufuri da za a tambaya, babu gwamnan da zai yi bayanin yadda masana'antun jiha suka mutu a hannunsa, babu wanda zai amsa kan fanshon tsofaffi. Laifi ya tattara a kan Muhammad Yusuf, mutumin da aka kashe a hannun 'yan sanda ranar 30 ga Yuli, 2009, da magadansa na daji. Mafi muni kuma, wannan labari shi ke tsara irin maganin da ake kawowa. Tunda an ce yaƙi ne ya rushe, sai a ce gini ne gyara. An kafa Hukumar Raya Arewa Maso Gabas a 2017. An gina gidaje da makarantu, an yi gadar sama a Kwastam. Ban raina ko ɗaya ba, kuma wanda ya kwana a tanti ya san darajar ɗaki. Sai dai burin duk wannan shi ne a mayar da gari yadda yake a 2008, alhali 2008 ɗin ita ce ta haifi 2009. A 2017 har an yi maganar mayar da filin Markas gidan tarihi. Za a adana tarihin wanda ya ɓata matasa, tashar da ta ciyar da iyayensu kuwa tana nan a gefe tana ruɓewa.

Kuɗin agaji ma ba su maye gurbin albashi ba. Sun tsadar da hayar gida a GRA, sun ba masu Turanci aikin kwangila na shekara ɗaya ko biyu, ɗan Bayan Kwatas kuwa ya samu katin karɓar abinci, in ya yi sa'a. Yanzu da masu bayarwa suka fara janye hannu, kowa na ganin abin da ya rage. Ga gobarar Kasuwar Monde a Fabrairun 2023, ga ambaliyar madatsar Alau a Satumban 2024, duk sun faɗa kan mutanen da ba su da wani abin dogaro tun asali.

To ina maganar jirgin? A Maris 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kilomita 1,443, kan kuɗi kimanin dala biliyan 3. Abin da aka buɗe a 2024 shi ne Fatakwal zuwa Aba, kilomita 60 da 'yan kai. A wannan tafiya, jikokinmu ne za su ga jirgi a Yerwa. Alhali kuwa an buɗe Abuja zuwa Kaduna, an buɗe Legas zuwa Ibadan, ana shimfiɗa sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi. Ba na baƙin ciki da rabon kowa, Maraɗi 'yan'uwanmu ne. Amma in an ce rashin tsaro ne ya hana, ai kullum tireloli na bin hanyar Damaturu da shanu da wake da kifi, kuma gwamnatin da ta iya kai injin wutar gas mai megawat 50 Maiduguri a 2023, bayan an fasa turakun lantarki, ta nuna cewa idan ta so tana iyawa.

Borno ba ta taɓa samun murya a Abuja kamar yau ba. Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ɗan garin nan ne, ya yi gwamna shekara 8, ya san hanyar tashar ba sai an yi masa kwatance ba. Kiran da nake yi gare shi, da sanatocinmu uku, da 'yan majalisar wakilai, da Gwamnatin Jiha, shi ne su sa a fara aikin layin daga wannan ɓangaren ma, Maiduguri zuwa Gombe, kimanin kilomita 300, da kuɗinsa a rubuce cikin kasafi da ranar gamawa. A hana cinye filayen reluwe, a biya tsofaffin ma'aikata haƙƙinsu tun suna raye, a ɗauki 'ya'yan unguwar aikin shimfiɗa dogon. Kai kuma mai karatu, duk ɗan takarar da ya zo ƙofarka neman ƙuri'a, tambaye shi ranar da jirgi zai dawo Maiduguri, kada ka bar shi ya amsa maka da sunan Boko Haram.