Shuka Ko Dashe? Gardamar Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Jama'a, a ƙasar Amurka akwai wani irin ƙwallo wanda ba irin namu ba ne. Siffarsa kamar ƙwai, da hannu a ke ɗaukarsa, a ruga da shi ko a jefa, mutum 11 a kowane gefe, kowa ya sha kwalkwali kamar za shi yaƙi. Jami'o'i su na da ƙungiyoyinsa, har filin Jami'ar Mishigan ya kan ɗauki 'yan kallo fiye da 100,000. To, wata gardama ta tashi a can wadda ya kamata mu masu koyon aikin malanta mu kasa mata kunne, gama tushenta zancen reno ne. Ga ta: mai horad da ƙungiya ya ɗauko yara daga makarantun sakandare ya rene su, ko kuwa ya ɗauko waɗanda wata jami'a ta riga ta rena? Watau shuka ko dashe.

Da can babu gardama sosai. Ɗan wasan da ya bar jami'arsa ya koma wata, galibi sai ya zauna shekara guda bai taɓa wasa ba, saboda haka masu ƙaura ba su da yawa. A 2018 hukumar wasannin jami'o'i, wadda a ke kira NCAA, ta buɗe rajistar masu neman ƙaura, inda yaro zai sa sunansa kowace jami'a ta gani. A 2021 aka yafe zaman shekara ga wanda ya yi ƙaura ta fari, aka kuma yarda 'yan wasa su karɓi kuɗi don an yi talla da sunansu. A 2024, bayan an kai ƙara kotu, aka ce ko sau nawa mutum ya ƙaura ya yi wasansa nan take. Dokar nan da ta hana a ɗauki sababbi fiye da 25 a shekara ita ma an ɗage ta tun 2022. A 2025 kuwa aka yarda jami'a ta raba wa 'yan wasanta har wajen dala miliyan 20 da rabi a shekarar. Kun ga ƙofa ta buɗu, kasuwa ta ci.

Cikin waɗanda suka fi shiga kasuwar nan akwai Deion Sanders. Ya karɓi ƙungiyar Jami'ar Kolorado a ƙarshen 2022, ta ci wasa 1 kaɗai, an cinye ta 11. Ya gaya wa yaran da ya tarar ƙiri-ƙiri su nemi wani wuri, ya kawo baƙi fiye da 50. A 2023 suka ci 4, a 2024 suka ci 9, aka yi ta guɗa. A 2025 sai ga su da 3. Jami'ar Jihar Fulorida ta fi wannan ban tausayi. Da taimakon baƙi ta ci wasa 13 a jere a 2023. Da waɗannan suka tafi, aka sake komawa kasuwa, sai a 2024 ta ci 2 aka cinye ta 10. A ganina dalili ba ɓoyayye ba ne. Baƙon da ya zo saura masa shekara ɗaya ko biyu, ran da ya tafi ba ya barin ƙane a baya wanda ya koyi hannunsa.

Amma kada wani ya ce ina goyon bayan a rufe ƙofa. Dabo Swinney na Jami'ar Clemson, wanda ya ci kambin ƙasa a kakar 2016 da ta 2018 da yaran da ya rena, ya daɗe ya na ƙin dashe. A 2024 bai ɗauki baƙo ko ɗaya ba, ba shi da abokan wannan hali sai makarantun soja uku. Abin da ya manta shi ne ƙofar nan ba shiga kaɗai a ke yi ta cikinta ba, har da fita. In naka su na fita kai ba ka karɓi na kowa ba, rumbunka ne ke raguwa. A 2025 Clemson ta ci 7 aka cinye ta 6, alhali an zaci da ita za a yi takarar kambi.

Na san masu son dashe za su jefe ni da Indiyana, kuma lalle jifa ce mai nauyi. Ƙungiyar nan ta ci 3 kacal a 2023. Curt Cignetti ya zo, ya cika ta da baƙi, ta ci 11 a 2024, sa'an nan a kakar 2025 ta ci wasa 16 ba a cinye ta ko sau ɗaya ba, ta ɗauki kambin ƙasa. Madugun 'yan wasanta ma, Fernando Mendoza, daga Jami'ar Kalifoniya ya ƙauro. To, amma a duba da kyau. Mutum 13 daga cikin baƙin farko, daga Jami'ar James Madison Cignetti ya taho da su, inda shi da kansa ya horad da su. Ya san mai ƙwazo, ya san rago, su kuma sun san abin da ya ke so tun bai buɗe baki ba. Wannan dashe ne daga gadon da mutum ya yafa irinsa da hannunsa. Ba daidai ya ke da wanda ya shiga kasuwa da jaka ya saye abin da ya tarar ba.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta Jami'ar Jihar Ohayo a kakar 2024. Yawancin manyan 'yan wasanta tun daga sakandare ta ɗauko su, sun yi shekara uku ko huɗu tare. Da ta duba ta ga giɓi, sai ta cike shi da mutane kaɗan zaɓaɓɓu, irin su Will Howard da Caleb Downs da Quinshon Judkins, ta ci kambi. Don haka ni dai na ce yawancin sababbin kowace shekara su fito daga sakandare, tun ba ƙartin nan na sahun gaba ba, waɗanda sai sun daɗe tare kafin ƙafarsu ta zama ɗaya. Baƙo kuwa a nemo shi don gurbin da an san sunansa.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi cikin gardamar nan ba, shi ne yaro ɗan shekara 18 da ya ke gama sakandare. Fitattu ba su da damuwa, kowa na zawarcinsu. Amma matsakaicin yaro, wanda da a kan ɗauka a yi haƙuri da shi shekara biyu har ya fito, yanzu da ɗan shekara 22 ya ke takarar gurbi. Mai horarwa kuwa ya san in bai ci wasa da wuri ba korarsa za a yi, don haka sai ya zaɓi wanda ya riga ya nuna. Ba na ganin laifinsa ƙwarai. Laifin na shugabannin jami'a ne da ba su ba shi lokaci ba. Su ma masu ƙaura ba duka su ke dacewa ba. Waɗansu su kan sa suna a rajista, su saki sukolashif ɗin da ke hannunsu, ba wanda ya kira su. Wanda kuma ya zaga jami'a uku, ba lalle ba ne sabuwar ta karɓi dukan darussan da ya ci a tsohuwar, sai wasa ya ƙare digiri bai samu ba.

Mu da za mu riƙe aji gobe mun san yaron da ya zo maka a shekarar ƙarshe, ko ya ci jarrabawa, aikin wani malami ne ka girbe. In kowace babbar jami'a ta ce girbi kaɗai za ta yi, to, reno ya koma kan ƙananan jami'o'i marasa kuɗi, su sha wahalar yaro shekara biyu, ran da ya fara haske a zo da dala a ɗauke shi. Ina so in ji abin da 'yan'uwana na kwamitin wasanni za su ce a fitowa ta gaba, musamman masu goyon bayan Kolorado.