Dutsen Zagami da na Agadas: wa ya ci ribar?

A ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a wata gona kusa da Zagami, cikin ƙasar Katsina, dab da manomin da ke korar tsuntsaye. Bincike ya tabbatar daga baya cewa ɓallin duniyar Mars ne. Mu da aka jefo mana shi, ƙalilan ne cikinmu suka taɓa jin labarinsa.

Amma a Amurka an ci moriyarsa. Wata masaniyar duniyoyi, Laurie Leshin, tana ɗaliba a jami'ar Caltech ta auna ɗan ruwan da ke maƙale cikin ma'adinan irin waɗannan duwatsu, har da na Zagami, ita da abokan aikinta suka fitar da sakamakon a 1994. Daga irin wannan awo ne masana ke gane cewa Mars ta taɓa samun ruwa mai yawa kafin ya tsere mata. Matar nan ta ci gaba har ta riƙe babban muƙami a sashen hukumar NASA mai shirya tura 'yan Adam sararin samaniya a 2010, sannan ta shugabanci cibiyar JPL, mai ƙera motocin da ke yawo a kan Mars, daga 2022 zuwa 2025. Ita ce mace ta farko a kujerar. Wato dai dutsen Katsina na cikin tsanin da ta taka.

To, ga na baya-bayan nan. A Nuwamba 2023 an tsinci wani ɓallin Mars a yankin Agadas, ya haura kilo 24. Ya bi hannun dillalai ya isa Italiya, a Yulin 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan 5.3. Sai a lokacin gwamnatin Nijar ta buɗe bincike, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Ihu bayan hari ke nan.

Jama'a, maganar ta shafe mu, domin kaya irin wannan ba ya fita sai ta hannun ɗan kasuwa. Duk wanda ya yi fatauci, daga Jibiya da Ɗan Isa har Kyé-Ossi da unguwar Glass a Libreville, ya san cewa wanda bai san darajar hajarsa ba shi ake yi wa wayo. Baƙin dutse a idonka tsakuwa ne. Sai an kai shi ɗakin gwaji an ba shi lamba da takarda kafin ya zama miliyoyi. Ribar tana wurin mai takardar.

Ni a ganina hana fitarwa kawai ba magani ba ne, sai ma ya ƙara wa 'yan sumoga kasuwa. Abin da ya dace, a yi rajistar kowane dutse da wurin da aka tsince shi, a bar wani yanki a jami'ar Yamai ko ta Zariya, a biya mai tsintuwa haƙƙinsa a fili, sannan a sayar da saura. Kuma Alhaji, idan ɗanka ko 'yarka suka ce ilimin duwatsu za su karanta, kada ka ce su dawo shago. Wanda zai auna mana na gaba a gida muke nema, ba sai an kai Turai an faɗa mana farashi ba.