Jirgin Sama Ba Motar Illela Ba Ne

A watan jiya na yi alkawari za mu yi magana a kan kuɗin makaranta, amma sai ku yi mini haƙuri. Wata 'yar'uwa ta rubuto mini daga Gusau, ta ce ɗanta ya sami karatu a ƙasar waje, an kuwa nuna musu tikiti iri biyu. Ɗaya mai araha ne, amma minti 55 ne kacal tsakanin saukar jirgin fari da tashin na biyu. Ɗayan ya fi tsada, yaron kuma zai zauna awa biyar yana jira. Tana tambaya wanne za su saya. Ni dai malamin makaranta ne, sau ɗaya tak kuma na taɓa ƙetare teku. Amma abin da na sha a wannan tafiya guda ya ishe ni in ba ta amsa.

Mu mutanen nan mun saba da tafiya. Daga Darna Sabon Gari, shiga wata ƙasa ba wani abu ba ne, ga Ƙonni nan a bakin hancinmu. Sai dai irin tafiyar da muka sani ta tasha ce. Mota ba ta tashi sai ta cika. Ka ajiye jakarka a kan kujera, ka tafi ka sha fura, in lodi ya ƙare yaron mota zai bi ka har rumfa ya kira ka. Daga Illela zuwa Sakkwato kilomita tamanin da 'yan kai ne, ban kuwa taɓa jin wanda ya tambayi direba ƙarfe nawa za a isa ba. Da wannan hali muka tashi, da shi kuma muka nufi filin jirgi ni da Kawuna a watan Disamba na 1922 da ɗari, wato 2022, kamar yadda shi Kawu yake faɗa in yana tsokanar tsufansa.

Kawu ya yi shekara arba'in yana fataucin albasa. Ƙugunsa ya ci, har ta kai ba ya iya taka ƙafar dama sai da sanda. Aka ce sai an yi masa aiki. Dangi suka haɗu aka sayar da bijimai biyu da gona guda, Zumuntar Mata ta ikkilisiyarmu ta kawo nata gudummawar, wani asibiti a birnin Delhi na ƙasar Indiya kuma ya ba da ranar da za a karɓe shi. Ni aka zaɓa in raka shi, don ina jin Turanci, ga shi kuma an yi hutun makaranta.

Mai sayar da tikiti a Sakkwato ya miƙo mini takarda biyu. Ɗaya ta babbar tafiya ce: Abuja zuwa Addis Ababa ta ƙasar Habasha, can a sake jirgi zuwa Delhi, duk a tikiti guda. Ɗayar ta wani kamfani ce dabam, Sakkwato zuwa Abuja. Mutumin nan, Allah ya saka masa, ya ce, "Malam, ku tafi Abuja tun ana gobe, ku kwana can." Na yi lissafin ɗakin kwana da abinci da tasi a Abuja, na ga kuɗin maganin sati guda ne. Na sake lissafi: jirgi zai tashi Sakkwato ƙarfe 9 na safe, tafiyar awa guda ce, babban jirgi kuwa sai 1:30 na rana. Awa uku da rabi ke nan a hannu. Na ce masa ba sai mun kwana ba. Ni da nake koya wa yara lissafi, wa zai koya mini?

Abin da ban sa a lissafin ba shi ne hazo. Kowa ya san daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga wajen arewacin Cadi, ta rufe mana sama. A gida hazo tari ne da fason ƙafa. A filin jirgi kuwa shi ne sarki, gama matuƙi ba ya sauka in ba ya hangen hanyarsa. Kuma jirgin da zai ɗauke ka daga Sakkwato ba a nan ya kwana ba, sai ya zo daga wani gari ya sauka tukuna.

Mun bar gida tun kafin asuba. Da muka isa filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, gari ya yi fari fat, ko ƙarshen fili ba a gani. Ƙarfe 9 ta yi, ba jirgi. Ƙarfe 10 ta yi, aka ce mu ƙara haƙuri. Ina ta zirga-zirga tsakanin taga da kujera, Kawu kuwa ya miƙe ƙafa yana cin goronsa. Ya ce, "Malam, zauna mana, kana sa ni jiri. Mun biya kuɗinmu lakadan. Wane direba ne zai tashi ya bar kujera biyu ba kowa?"

Wani Alhaji da ke kusa da mu, wanda ka gan shi ka san ya saba da hanya, ya karɓi takardunmu ya duba. Shi ne ya fara fahimtar da ni bambancin tikiti guda da tikiti biyu. Ya ce in tafiyarka duka a tikiti guda take, jirgin fari ya makara har ka rasa na biyu, nauyin yana kan kamfani: su ne za su sa ka a wani jirgin ba tare da ka ƙara ko kwabo ba. Amma in tikiti biyu ne na kamfanoni dabam, na biyun ba ruwansa da abin da ya tsare ka. Ba ka zo ba, shi ke nan, an rubuta ba ka zo ba. Sau da yawa ma sai a soke sauran tafiyar, har da ta dawowa. Da na ji haka sai na tuna da bijiman nan biyu da gonar nan, na tuna da matan ikkilisiya suna kwance bakin zane. Ban san sa'ad da na zauna ba.

Wajen 10:40 hazo ya ɗan yi sauƙi, jirgi ya sauka. Muka taka ƙasar Abuja 12:15. A nan na koyi abu na biyu. Lokacin da aka rubuta a tikiti na tashin jirgi ne, ba na zuwanka ba. Masu awon kaya na jirgin ƙasashen waje sukan rufe teburinsu awa guda kafin a tashi. Ashe awa uku da rabin da nake taƙama da su, tun asali biyu da rabi ne, hazo kuma ya cinye su saura minti 15. Ga shi sai mun jira akwatunanmu sun fito, mu fita daga ginin jiragen cikin gida, mu shiga na ƙasashen waje, wanda aka buɗe a ƙarshen 2018. Mun ma ci sa'a a Abuja ne, gine-ginen suna kusa da juna. Wanda ya bi ta Ikko sai ya shiga mota tsakanin biyun, ya kuma yi addu'a kada cunkoso ya riƙe shi.

Na bar Kawu wurin Alhajin nan, na kwashi fasfo biyu da katin allurar shawara na ruga. Yarinyar da ke teburin ta dubi agogo, ta dubi takardar asibiti, ta ce ta ba ni minti goma in kawo tsohon da kayansa. Yadda muka yi na kasa bayyanawa. Na dai tuna Alhaji yana tura akwatuna a amalanke, ni ina riƙe da hammatar Kawu, sandarsa tana ƙwanƙwasa ƙasa, yana cewa, "Sannu-sannu, Malam, ƙugun nan shi muke kai wa gyara." Muka isa. Wata mata da muka taso tare daga Sakkwato, za ta wurin 'yarta da ta haihu, akwatinta ne ya fito a ƙarshe. Minti biyar ta bi bayanmu, ta tarar an rufe. Sa'ad da ake tura mu wajen masu duba fasfo na waiwaya, na gan ta riƙe da waya a kunne tana share hawaye da bakin gyale, ana gaya mata kuɗin sabon tikiti.

Bayan duk wannan gudu kuma sai muka zauna fiye da awa guda muna jira, gama shi ma babban jirgin hazo ya jinkirta zuwansa. Kawu ya dube ni ya ce, "Ka gani? Na ce maka za su jira." Ban tanka ba.

Mun yi kusan awa biyar a sama. Da muka fara sauka Addis Ababa na dubi agogona, 7:30 na dare. Tikiti ya ce jirgin Delhi 10:20 zai tashi. Na yi hamdala, na ce wa Kawu za mu sami lokacin shan shayi. Rufe bakina ke da wuya sai na ji ana shela cewa yanzu ƙarfe 9:30 ne a Addis Ababa. Kai! Agogon Habasha yana gaban namu da awa biyu, kowane lokaci kuma da ke kan tikiti agogon garin da abin zai faru ne, ba agogon gidanku ba. Wannan darasi ina koyar da shi a aji shida, har da zanen duniya a allo. Ranar da na bukace shi, ya gudu ya bar ni.

Minti 50 ke nan suka rage, su ma ba duka namu ba ne. Ƙofar shiga jirgi akan rufe ta kamar minti 15 ko 20 kafin tashi. Daga jirgi sai an ɗauke mu a bas zuwa gini. A ciki sai an sake binciken jiki da jaka. Na kira ma'aikaciyar jirgin na nuna mata tikitinmu da ƙafar Kawu. Ta ce me ya sa ba mu nemi keken marasa lafiya tun farko ba, ai kyauta ne, ana dai so a faɗa kwana biyu kafin tafiya. Ban gaya mata cewa an tambaye mu a Sakkwato ba, Kawu ya ce shi ba gurgu ba ne. Wannan karo dai na durƙusa gabansa na ce, "Kawu, don Allah ka rufa mini asiri." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, amma kada a ji a Illela." Ga shi yau na buga a mujalla.

Mai keke shi ake sauke wa a ƙarshe, sai kowa ya fita. Ina kallon mutane suna jan jakunkunansu a hankali kamar masu dawowa daga biki, ni kuwa cikina yana kaɗawa. Amma wani saurayi ɗan Habasha yana jiranmu da keken, ya kuwa san ginin kamar tafin hannunsa. Ya dubi tikiti, ya ce mini wata kalma da ban ji ba, ya sheƙa. Na bi shi da jaka biyu. Ban yi taku ɗari ba numfashina ya ɗauke. Na zaci tsufa ne ya zo mini a baƙuwar ƙasa, sai daga baya na gane Addis Ababa tana kan tudu mai tsawon fiye da mita 2,300, mu kuwa ƙasar Sakkwato wajen 300 ce, iskar can ba ta cika ƙirji kamar tamu. Ba mamaki mutanensu suke cin tseren duniya tun zamanin Abebe Bikila, wanda ya ci na Roma a 1960 ba takalmi. Ni ma kusan haka na ƙarasa, don wurin bincike an sa na cire takalmi da bel, ban kuma tsaya ɗaura bel ɗin ba. Hannu ɗaya jaka, hannu ɗaya wando.

Tun daga nesa na ji ana kiran wasu sunaye biyu a lasifika. Sai a karo na uku na gane namu ne, an murɗe su yadda ko uwar da ta haife mu ba za ta amsa ba. Mu ne na ƙarshe. Muna wucewa aka ja ƙofa.

Da na sami numfashi na yi tunani a kan gudun nan biyu. Na Addis Ababa shi ya fi wahalar da jiki, amma da mun rasa jirgin, kwana guda za mu yi hasara, kamfani ya ba mu masauki ya sa mu a na gobe. Na Abuja kuwa, wanda na jawo da hannuna don tsoron kuɗin ɗaki na dare ɗaya, shi ne ya kusa cinye gona da bijimai.

Mu mun isa Delhi, akwatunanmu ba su isa ba. Ba abin mamaki ba ne, akwati ba shi da saurayin da zai tura shi a guje. A nan maiɗakina ta yi mana rana ba ta nan. Daren da za mu tashi ta fitar da hotunan ƙashi da wasiƙar likita da magungunan Kawu daga babban akwati, ta cusa a jakar hannu, har muka yi 'yar gardama don na ce jakar ta yi nauyi. Da waɗannan takardu aka karɓe mu a asibiti a ranar da aka sa. Ƙaramar takardar nan mai lamba da ake manna maka a bayan tikiti in ka ba da kaya, kada ka yar da ita. Da ita na cika takardar cigiya kafin mu fita filin jirgi, bayan kwana biyu aka kawo mana kayanmu har masauki. Akwai ma yarjejeniyar ƙasashe da aka yi a Montreal a 1999, wadda ta ba fasinja kwana 21 ya rubuta kukansa in kayansa suka makara.

To, 'yar'uwa ta Gusau, ki saya wa yaronki mai awa biyar ɗin nan. Minti 55 ɗin da aka rubuta, in aka cire jinkirin sauka da bincike da rufe ƙofa, ba zai kai rabin awa ba, ga yaro bai taɓa ganin wurin ba. Zaman awa biyar ba ya cin komai sai kuɗin shayi. Ki tabbata tafiyar duka a tikiti guda take, ki kuma tambaya ko ƙasar da zai sake jirgi tana bukatar bizar wucewa. In zai hau jirgin cikin gida ko mota zuwa Kano ko Abuja, ya tafi tun ana gobe ya kwana wurin ɗan'uwa, balle in da hunturu ne. Yana sauka kuma ya gyara agogonsa kafin ya nemi abinci.

Kawu an yi masa aiki lafiya, mun gode wa Ubangiji. Yanzu da ƙafarsa yake zuwa kasuwa, sandar ma ado ce. Har yau in ya zauna a rumfa yakan gaya wa abokansa cewa jirgi biyu suka jira shi a rana ɗaya, na Abuja da na Habasha, har da kiran sunansa a lasifika. Ni dai ban taɓa musa masa a gaban mutane ba.

Maganar kuɗin makaranta sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.