Sharhi: Haƙoran Nono da Cikon da Ake Bari Rabi

Sharhinmu na yau ga iyayen yara yake, musamman na Boɗinga da Shagari da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Idan yaro ya kwana yana kuka da ciwon haƙori, abin da aka saba ji a gida shi ne, "Ku bar shi, ai na nono ne, zai yi famfara." Haka ne, zai fita, amma yaushe? Haƙoran nono 20 ne. Na gaba kan fara zuba wajen shekara 6, turame kuwa sai yaro ya kai 10 zuwa 12. Ke nan turmin da ya yi kogo a bakin ɗan shekara 4 yana da sauran aƙalla shekara 6 na tauna, kuma shi ke riƙe wa haƙorin girma gurbinsa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ke fama da ruɓewar haƙoran nono.

In ruɓar ta kai ga jijiya, ba lallai sai an cire haƙorin ba. Likita kan kwashe ruɓaɓɓiyar jijiyar, ya wanke saiwar, ya cika ta da magani. A nan aikin yaro ya bambanta da na babba. Na babba ana cika shi da abin da zai zauna har tsufa. Saiwar haƙorin nono kuwa narkewa take yi a hankali don ta ba na ƙasa hanya, saboda haka dole a sa cikon da zai narke tare da ita. Mafi daɗewa a wannan aiki shi ne haɗin hodar zinki da sinadarin da ake samu a man kanumfari, kanumfarin nan da iyayenmu mata ke dannawa a kogon haƙori. Akwai kuma mai laushi irin su Vitapex.

To amma ciko mai narkewa ba ya toshe hanya ruf. Saiwar turmin yaro siririya ce, a lanƙwashe, da ƙananan rassa, kuma gwaje-gwajen masana sun nuna ƙwayoyin cuta na iya silalewa ta gefen cikon idan miyau ya samu hanyar shiga. Tamkar rumbu ne da aka yaɓe cikinsa aka bar shi ba jinka. Shi ya sa likitoci ke rufe saman haƙorin da ciko mai ƙarfi ko hular ƙarfe.

Nan ne ake yin sakaci. An sha wahalar mota zuwa Sakkwato, wataƙila Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, an yi zaman farko, an sa cikon wucin gadi, ciwo ya lafa. Sai a ga ba dalilin sake kashe kuɗin mota. Bayan 'yan makonni cikon ya ɓalle, dasashi ya kumbura, mugunya ta taru daf da haƙorin girma da ke ƙasa, har ta iya ɓata masa farinsa tun bai fito ba. Kuɗin farko ya tafi a banza, yaro ya sha azaba sau biyu. Ban ga laifin uban da aljihunsa ya gaza ba, shi ya sa nake ganin wajibi ne a riƙa gaya masa yawan zuwan da kuɗin duka tun ranar farko.

Mu a jihar Sakkwato mun san ciwon baki ba abin wasa ba ne, tunda a Sakkwato asibitin yara masu cutar noma yake tun 1999, cutar da ke farawa daga dasashi.

Muna roƙon gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su kawo aikin haƙorin yara kusa da jama'a. Ku kuma iyaye, in an fara wa yaro aikin saiwa, ku tambayi likita ranar da za a rufe saman haƙorin, kuma ku koma a ranar.