Shafa Mai Kafin Aski

Wani daga cikin masu karatu ya aiko yana tambaya, ko man nan na 'yan kwalabe da a ke shafawa kafin a sa aska yana ƙara wa aski kyau. To, na gwada da kaina, ga abin da na gani.

Ruwa shi ke tausasa gashi. Don haka wanzami na ƙwarai ba ya garaje; sai ya jiƙa wurin, ya murza, ya dakata kamar minti 3 yana wasa askarsa. Ni kuwa ran da na fara, a bushe na shafa man, na kuma cika shi. Ruwa ya ƙi ratsa gashin, kumfar sabulu ta kwanta, fata ta yi santsi har yatsa ya kasa jan ta, na yanke haɓa. Laifina ne.

Da hunturu ya kama, fata ta bushe, sai na sake dabara: ruwan ɗumi tukuna, sa'an nan ɗigo 3 na mai, sa'an nan sabulu. Nan kam aska ta tafi sumul, raɗaɗi ya ragu. Da damina ban ga bambanci ba.

Da yawa cikin na kanti man zaitun ne da na zurma aka sa wa ƙanshi, saboda haka mai man kaɗe a gida kada ya ɓata kuɗinsa. Masu fama da ƙuraje bayan aski kuwa, mai ba ya maganinsu. Su riƙa bin kwanciyar gashi da aska mai kaifi. Wassalam.