RA'AYINMU: Wa Zai Raka 'Yan Mazan Jiya?

A kowace shekara, ran 15 ga watan Janairu, manyan ƙasa sukan hallara a Abuja da hedkwatocin jihohi, har da nan Dutse, domin tunawa da 'yan mazan jiya. Akan yi fareti, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a yi addu'o'i, sa'an nan kowa ya kama gabansa. A da, ran 11 ga Nuwamba ake yin wannan biki kamar sauran ƙasashe renon Ingila, kafin a mayar da shi ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Ba mu da ja game da bikin, abu ne da ya kamata. Abin da ke damunmu shi ne sauran kwanakin shekara, musamman ranar da tsohon soja zai cika a wani ƙauye na Kiyawa ko Jahun ko Gwaram, a yi masa sutura a binne shi, ba tare da wani ya zo da sunan ƙasar da ya bauta wa ba.

Kada a yi mana mummunar fahimta. A ƙasar Hausa ba a barin gawa ta rasa masu kai ta, domin maƙwabta da 'yan unguwa ba sa jiran goron gayyata kafin su fito jana'iza. Amma maƙwabci yana zuwa ne domin haƙƙin maƙwabtaka da neman lada. Akwai wani haƙƙi dabam wanda ke kan ƙasa baki ɗaya, wato na mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa, wani ma har da ƙafarsa ko idonsa, domin sauran jama'a su kwana lafiya. Wannan haƙƙi ne ba mu ga mai sauke shi ba idan mamacin ƙaramin soja ne da ya daɗe da barin aiki.

Ya kamata matasa, musamman ɗalibai, su san ko su wane ne waɗannan dattawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawa sun ɗebi samari masu ɗimbin yawa daga garuruwan Arewa, har Hausa ta zama harshen bariki. Wasu sun yi yaƙi da Italiya a ƙasar Habasha a 1941. Wasu kuma an tsallaka teku da su zuwa Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda suka gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan da dazuzzukan Arakan, suna ɗauke da kayan yaƙi a ka a wuraren da mota ba ta iya shiga. Su ne suka ci garin Myohaung a watan Janairun 1945. Sunayen barikokin Myohaung da Arakan a Legas, da na Chindit a Zariya, duk daga can suka samo asali. Wanda ya je Bama yana ɗan shekara goma sha takwas, in yana raye yau ya doshi shekara ɗari.

Bayansu sai waɗanda suka je Kwango aikin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960, da waɗanda suka yi yaƙin basasa daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, lokacin da sojan Nijeriya ya tashi daga wajen mutum dubu 10 zuwa kimanin dubu 250. Saurayin da ya shiga soja a 1967 yana ɗan shekara ashirin, yanzu yana dab da tamanin. Akwai kuma waɗanda suka je Laberiya daga 1990 da Saliyo bayan nan a ƙarƙashin rundunar ECOMOG, da waɗanda suka fafata a Borno da Yobe tun daga 2009. Ashe ke nan kullum ana rage mana su, kuma kowannensu yana tafiya da labarin da ba a rubuta ba.

Gaskiya ne cewa wanda ya faɗi a fagen daga akan yi masa jana'izar girmamawa. Jama'a ba su manta da yadda aka binne Laftanar-Kanar Muhammad Abu Ali a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja ba, bayan an kashe shi a Malam Fatori a watan Nuwamban 2016. Ya cancanci haka, har ma fiye. To amma Kofur ko Saje da ya tsira da ransa, ya dawo gida ya kama noma ko aikin gadi, ya yi shekara arba'in yana jiran ɗan fanshonsa, shi fa? Ma'aikatan gwamnati sun san shi sarai, domin sau da yawa shi ne dattijon nan mai kakin Nigerian Legion da ke buɗe musu ƙofar ofis da safe.

Wani abu da ya faru a Amurka ya isa a yi nazari a kansa. A 2005, lokacin da ake kawo gawarwakin sojojin da aka kashe a Iraƙi, mabiya wata 'yar ƙaramar majami'a mai suna Westboro, ta garin Topeka a jihar Kansas, suka ɗauki ɗabi'ar zuwa wurin jana'izar sojoji da kwalaye masu ɗauke da munanan kalamai, suna cewa mutuwar sojojin azaba ce daga Allah a kan ƙasar. Sai wasu tsofaffin sojoji masu hawan babur, 'yan reshen ƙungiyar American Legion na wani ƙaramin gari mai suna Mulvane a jihar, suka ga abin ya isa haka. Suka riƙa hawa baburansu suna zuwa, su jeru riƙe da tutoci tsakanin masu zanga-zangar da iyalan mamaci, don kada uwa ko matar marigayi ta ga abin da zai ƙara mata baƙin ciki. Daga nan aka sami ƙungiyar Patriot Guard Riders, wadda ta bazu a duk faɗin ƙasar.

Hukuma ma ta yi nata ƙoƙari. A watan Mayun 2006 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar da ta hana zanga-zanga kusa da maƙabartun sojoji na ƙasa daga sa'a guda kafin jana'iza zuwa sa'a guda bayanta. Duk da haka, a 2011 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 8 a kan 1, ta yanke cewa tsarin mulkin ƙasar ya kāre 'yancin 'yan majami'ar na faɗin albarkacin bakinsu. Wato abin da doka ta kasa kammalawa, masu babur ne suka ci gaba da ɗaukar nauyinsa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ƙa'idodinsu. Ba sa zuwa jana'iza sai iyalan mamaci sun gayyace su. Ba sa karɓar kuɗi. Ba sa faɗa da kowa, ko da an tsokane su. Ba sa tambayar jam'iyyar mutum, kuma ba lalle ne sai ya taɓa aikin soja ko ya mallaki babur zai shiga cikinsu ba. Daga baya aikinsu ya faɗaɗa har suna raka tsofaffin sojojin da suka mutu ba su da kowa.

Alhamdu lillahi, mu ba mu da masu zuwa maƙabarta su ci mutuncin gawa. Namu ciwon mantuwa ne da halin ko-in-kula. Amma kayan aikin da waɗancan mutane suka yi amfani da su muna da su a yalwace. Babu garin da za ka shiga a ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse, wato Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Buji da Gwaram da Jahun da Miga, ka rasa masu babur. Babur ne ke shiga ƙauyen da mota ba ta kaiwa da damina. Ƙungiyar Nigerian Legion kuwa, wadda doka ta kafa tun 1964 domin kula da jin daɗin 'yan mazan jiya, tana da rassa a jihohi. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan biyu.

Mun san akwai masu cewa wannan al'adar Turawa ce, ba ta dace da addininmu ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Musulunci ya yi umurni da gaggauta binne mamaci, ya hana alfahari da hayaniya a wurin jana'iza, kuma likkafanin Janar da na kurtu duk farin ƙyalle ne. Saboda haka ba mu ce a jinkirta gawa don jiran ayari ba, ba mu ce a shiga maƙabarta da kiɗa ko busa ba. Amma raka gawa kansa addini ne ya kwaɗaitar da shi. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa wanda ya sallaci gawa yana da ƙiraɗi guda na lada, wanda kuma ya tsaya har aka binne yana da biyu. Malaman Malikiyya ma sun yi bayanin ladabin wanda ke bisa abin hawa, cewa ya kasance a bayan makara, masu tafiya a ƙasa su wuce gaba. Mai babur da ya bi wannan tsari bai saɓa wa komai ba. Haka kuma ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye sa'ad da aka wuce da gawar wani Bayahude. Don haka idan tsohon sojan Kirista ne da aiki ya kawo shi cikinmu har ajali ya riske shi, a girmama shi bisa tsarin addininsa, domin harsashi bai tambayi addinin kowa ba a fagen fama.

Akwai kuma masu tsoron kada abin ya zama irin rakiyar amarya, inda samari ke tsere da wasa da babur har a wayi gari biki ya koma makoki, ko kuwa irin ayarin 'yan siyasa da ake zuba wa mai a tanki a ba su tutar jam'iyya. Wannan tsoro ma yana kan hanya. Masu babur sun sha baƙin jini a Arewa, har gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Laifin tsiraru ya shafi dubban masu neman halaliyarsu. A ganinmu wannan aiki dama ce gare su ta nuna wa jama'a ainihin halinsu, muddin shugabanninsu suka tsaya kai da fata a kan ladabi.

Bisa ga haka muna ba da shawara kamar haka. Da farko, reshen Nigerian Legion na Jihar Jigawa, tare da hakimai da dagatai da masu unguwanni, su tattara sunayen dukkan 'yan mazan jiya da ke raye a kowace gunduma, da inda kowa ya yi aiki, da wanda za a tuntuɓa idan ta Allah ta kasance. Na biyu, ƙungiyoyin 'yan acaɓa da sauran masu babur, har da ma'aikata da malaman makaranta, su fitar da 'yan sa-kai a kowane gari. Da zarar an sanar da rasuwa, kuma iyali suka amince, aikinsu shi ne kai labari ƙauyuka, da ɗauko tsofaffin abokan aikin marigayi waɗanda ƙafa ta gaza, da bin makara daga baya a natse. Kada a yi tsere, kada a yi oda, kada a ga tutar wata jam'iyya, kada a karɓi ko sisin kwabo daga gidan mutuwa.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, kada rakiyar ta ƙare a bakin kabari. Bayan an share makoki, a sami mutum biyu masu ilmin boko da za su zauna da iyali su duba takardun marigayi, su taimaka musu wajen bin haƙƙinsu. Hukumar fanshon soja tana Dutse ne, amma Dutsen Alhaji ta Abuja, ba tamu ba, kuma tsohuwar da ba ta taɓa wuce Shuwarin ba, ba za ta san ta inda za ta faro ba. A nan ne ma'aikacin gwamnati zai fi kowa amfani, tun da ya san yadda ake cike fam da yadda fayil ke tafiya daga tebur zuwa tebur.

Ɗalibai ma suna da nasu rabo. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga kwalejoji a ko'ina cikin jihar. Me zai hana masu karatun tarihi da Hausa su riƙa ziyartar waɗannan dattawa da na'urar ɗaukar magana, su ji daga bakinsu yadda aka ƙetare Kwara a yaƙin basasa, ko yadda aka yi zaman Manrobiya? Abin da aka ɗauka a ajiye a ɗakin karatu, a ba iyali kwafi. Gaida mutum yana da rai ya fi yabonsa bayan ƙasa ta rufe idonsa.

Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi ba sai sun kafa wata sabuwar hukuma ko kwamiti mai cin kuɗi ba. Ya isa su ba da goyon baya, su umurci jami'an tsaro da na kiyaye haɗurra su ba da haɗin kai, su kuma tabbatar cewa kuɗin da ake tarawa kowace shekara wajen ƙaddamar da tambarin tunawa da 'yan mazan jiya ya isa hannun gwauraye da marayun da aka tara dominsu, a kuma bayyana wa jama'a lissafinsa. Aikin rakiya kuwa a bar shi a hannun 'yan sa-kai, domin da zarar an sa masa alawus, to, an kashe shi.

Yaran da ke tsaye a bakin hanya suna kallo, kuma daga cikinsu ne za a ɗebi sojojin gobe. In sun ga yadda gari ya fito ya raka tsohon Kofur cikin mutunci, za su san cewa bautar ƙasa tana da daraja. In kuwa sun ga akasin haka, kada mu zarge su da abin da za su koya. Muna kira ga shugabannin Legion da na masu babur a Dutse su zauna tun kafin 15 ga Janairu mai zuwa su tsara yadda za a fara.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba na raye lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.