SHARHI: Kafin gwamnati ta sayi babura, wa zai gyara su?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, maganar baburan lantarki ta ƙara ƙarfi a Najeriya. Kamfanoni irin su Spiro da MAX sun shigo da nasu, masu tsarin musayar batir. A lokaci guda ma'aikatu da hukumomi na ci gaba da sayen babura domin malaman gona, masu allurar riga-kafi da jami'an tsaro. Farashi da shan mai su ne akan fi tattaunawa a kansu. Abin da ke yanke tsawon ran babur kuwa shi ne ko za a iya gyara shi a inda ya lalace.

Bajaj Boxer, ƙirar Indiya, ya isa misali. Abin da ya sa ya mamaye harkar acaba a fili yake ga duk wanda ya leƙa rumfar bakanike. Injinsa mai silinda ɗaya ne, iska ke sanyaya shi, saboda haka babu lagireto balle ya yi yoyo. Da ƙafa ake tayar da shi, ko da batir ya mutu. Kafireto ke ba shi mai, wanda bakanike zai kwance ya wanke da sufana da sukudireba a gefen titi. Inji a buɗe yake, ba sai an cire robobi ba kafin hannu ya kai ga fulogi. Yawansa kuma ya sa 'yan kasuwa sun cika shaguna da kayansa, daga babbar kasuwar Nnewi ta Jihar Anambra har ƙauyukan da ke nesa da kwalta.

Sai dai masana'antu na barin wannan ƙira. Daga Afrilu 2020 Indiya ta tsaurara ƙa'idar hayaƙin ababen hawa, lamarin da ya sa mafi yawan baburan da ake sayarwa a can suka koma amfani da na'urar lantarki wajen auna mai. Irin waɗannan sun fi tsimin fetur da rage hayaƙi, amma gano cutarsu na buƙatar na'urar bincike, kuma abin da ya ƙone a cikinsu sauyawa ake yi.

Babur mai lantarki ya fi kowanne ƙarancin sassan da ke motsi: babu baƙin mai, babu fistin, babu fulogi. Wannan sauƙi ne na gaske. Amma batir shi ne mafi tsada a jikinsa, kuma galibi na wannan kamfani ba ya shiga babur na wancan. Wanda ya saya ya ɗaure kansa ga kamfani ɗaya da tashoshinsa. Idan kamfanin ya janye daga wata jiha, baburan sun zama kayan ajiya.

Ga kuma batun canji. Tun da aka saki darajar naira a Yuni 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Kayan babur mai farin jini na da masu shigowa da yawa, gasa na rage raɗaɗin. Wanda dila ɗaya ke kawo kayansa ba shi da wannan kariya.

Nan ne aikin masu rubuta takardun kwangila. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta nemi a samu abin da ya dace da kuɗin da aka kashe, kuma farashin ranar saye kaɗai ba ya nuna hakan. Ya kamata takardar neman tayi ta bayyana shekarun da mai kawo kaya zai tabbatar da samun kayan gyara, da garuruwan da za a same su, da horar da makanikai a ƙananan hukumomin da za a kai baburan. Hukumar NADDC, mai kula da ƙirar motoci, tare da SON, su ne ya dace su fitar da ma'auni ɗaya na batir tun kasuwar ba ta cika ba.

Idan aka bar wannan, malamin gona da aka bai wa sabon babur zai koma neman acaba ranar da ƙaramar na'ura ta ƙone, gwamnati kuma ta sake ware kuɗin sayen wani a kasafi na gaba.